Geron Awon Albarushi da Dilan Tudun Yamma

Shekarun baya da nisa, a ranin da ya biyo bayan babban farin nan na shekarun tamanin, an yi wani dila da ya hana mahaifiyata sakat, ya kuma kusa shiga tsakanina da abokina. Lokacin ina saurayi, muna zaune a wani ɗan ƙauye a gefen kwarin Tarka. Waɗanda suka san ni sun san idan na ga ƙadangare da safe, kafin azahar ya zama kada a bakina. To yau zan yi ƙoƙari in bar kowane abu da girmansa. Ƙoƙari na ce, ban yi rantsuwa ba.

Shekarar nan damina leƙo mu kawai ta yi ta wuce. Ɗan geron da muka tsinta a kwari, ƙwayarsa ta tsumbure ta motse, in ka zuba a tafi kana iya hure shi da numfashi. Da shi da anza, 'ya'yan itacen dajin nan masu ɗaci, muke haɗawa mu kai rana. Awakin Inna kuwa, waɗanda da can sai na yi ihu muryata ta dushe kafin in tara su, ba wadda ta rage. Har dangar karan gidanmu mun zare ta kara-kara mun ba su kafin su mutu. Gida ya zama a buɗe, mai wucewa yana hangen abin da ke cikin tukunya, wato yana hangen babu.

Ana haka sai wata ƙawar Inna, Bafulatana, wadda suka daɗe suna musayar nono da gero, ta biyo ta garinmu za su gangara kudu. Ta jawo wata jar akuya mai ciki ta ɗaure a turkenmu. Al'adarsu ce, haɓɓanaye suke kiranta: a ba wanda ya rasa dabba aron uwa, in ta haihu ta yaye, 'ya'yan nasa ne, uwar kuma ta koma wurin mai ita. Inna ta buɗe baki za ta yi godiya, ƙawar ta ce, "Bari, bari. Ki dai kula da abin da ke cikinta. In na dawo da damina zan ɗauki abata."

Akuya ta haifi biyu, namiji da mace. Ba su yi ƙwari ba, wata rana da hantsi Inna tana rijiya ni kuma na tafi neman itace, dila ya shigo har tsakar gida ya ɗauke namijin. Gida ba danga, karnukan gari kuwa yunwa ta sa sai sun jingina da bango suke iya haushi. Saura 'yar macen. Duk garken da Inna za ta sake yi a duniya, a kan waɗannan siraran ƙafafu huɗu yake tsaye. In dila ya ɗauke ta, da damina uwar ta tafi, mu koma turke ba akuya.

Daga ranar Inna ta ɗaura igiyar 'yar akuyar a ƙafarta. In za ta rijiya ta goya ta da zane, mata suna ta tsokanarta wai barka da haihuwar tsufa. Shi kuwa dila ya ɗanɗana ya ji daɗi. Kullum da safe sai ya hau wani tudun rairayi da ke yamma da gidanmu, ya zauna yana shan hantsi yana kallon tsakar gidan kamar wanda ya bar ajiya. Maharban gari sun gwada shi da bindigoginsu ƙirar maƙera. In suka harba, hayaƙi ya turnuƙe, jarirai su fashe da kuka, idan ya washe sai a ga dila yana susar kunne. Ya san iyakar inda harsashinsu ke kaiwa, ya ƙara taku kaɗan a kai ya yi wurin zama.

Nan ne maganar abokina ta shigo. Ɗan kawuna ne, ɗan wan Inna, saboda haka abokin wasana ne, ba mu gaisawa sai da tsiya. Ya girme ni kaɗan. Shi mutum ne mai shiru, magana ɗaya yake yi a wuni, ni kuma in yi sauran. Ya gaji wata ƙaramar bindiga wurin mahaifinsa, wanda ya yi yawo da likitocin dabbobi a daji, har da takardar izininta da jandarma suka sani. Irin wadda ake kira karabin ce, mai siririn baki, harsashinta bai kai ɗan yatsan jariri ba. Wanda bai san ta ba yakan yi dariya ya ce ta harbin fara ce. Amma don kurege da zomo da dila aka yi ta, kuma inda take kai saƙo, manyan bindigogi ba su ko mafarkinsa.

Harsashinta ba a samunsa ko a Damagaram, don haka abokina da kansa yake cikawa, yadda ya ga ubansa yana yi. Bayan kowane harbi sai ya tsince kwanson ya goge. Ya narka dalma ya zuba a mazubi. Ya cire tsohuwar ƙwayar da ke tada wuta a gindin kwanso ya dasa sabuwa. Sannan aikin da ya fi kowane, awon albarushi. Yana da ɗan mizani irin na maƙeran azurfa, mai faranti biyu kamar ɓawon gyaɗa. Duwatsun awonsa sun ɓace tun kafin a haife mu, sai kawuna ya samo dabara: ya ƙirga ƙwayar gero adadin da ya sani ya zuba a faranti ɗaya, ya riƙa barbaɗa albarushi a ɗayan har su daidaita. Adadin nan ya bar wa ɗansa, kuma har yau ban san shi ba, don abokina ya ce gaya mini daidai yake da gaya wa kasuwar Belbeji.

Ni aikina a wannan sana'a uku ne: in ɗauki kaya, in ga inda harsashi ya faɗa, in kuma ba gari labari. Na ukun na fi ƙwarewa.

Da Inna ta kai masa kuka, ya ce, "Gwaggo, gobe i war haka kin kwance igiyar nan."

Washegari da sassafe muka kwantar da turmin Inna a bakin gida, dama ba aikin kirki yake yi ba shekarar nan, ya ɗora bakin bindiga a kai ya kwanta rub da ciki. Dila yana zaune a tudu, rana ta haske shi sarai. Abokina ya ɗebi ƙasa ya saki ya ga inda iska ta nufa, ya riƙe numfashi, ya ja kunama. Sai na ga rairayi ya yi tsalle can ƙasan tudu, nesa da ƙafar dila. Dila ya dubi wurin, ya dube mu, ya miƙe ya tafi ba ko sauri.

Na ce, "Ɗan kawu, dilan aka ce, ba tudun ba. Tudun bai ci akuyar kowa ba."

Ya tsince kwansonsa ya tashi. Rana ta biyu ya ɗaga saiti sama kaɗan don ya cike abin da ya gaza jiya, harsashi ya sake faɗuwa ƙasa. Rana ta uku ya ƙara ɗagawa, sai ya wuce ta bisa kan dila. Abin da ya fi ruɗa shi kenan. Da a ce kullum wuri ɗaya yake faɗawa, da ya gyara hannu an gama. Amma kowane harsashi da ra'ayinsa. Ya kafa sakaina nan kusa ya harba, ya fasa ta tsakiya. Kusa lafiya lau, nesa kuwa sai abin da Allah ya yi.

Gari ya ɗauka. Wasu suka ce yunwa ta ci idon yaron. Wasu suka ce dilan ba dila ba ne, a bar shi. Wani tsohon maharbi ya ce dama shi tun farko bai yarda da harsashin da bai kai ƙwallon magarya ba. Abokina ya rasa wanda zai kama, sai ya kama ni.

Ya ce, "Kai ka ce mini daga nan zuwa tudun kamar daga masallaci zuwa tsohuwar rijiya ne."

Na ce, "Haka yake."

Ya ce, "Duk rayuwarka ƙara wa abu kake yi. Sai ranar da nake bukatar gaskiya ka tashi ragewa?"

Na ce, "Wallahi an zalunce ni. Ni a tarihina ban taɓa rage wa abu tsawo ba, tambayi kowa."

Muka taka wurin da ƙafa, ni da shi. Nisan yana nan yadda na faɗa. Na so in yi rawa, amma da na ga fuskarsa sai na fasa. Ya buɗe ɗan gwangwanin da yake ajiye ƙwayoyin tada wuta ya nuna mini. Biyu suka rage. In sun ƙare, bindigar ta zama sanda.

Da la'asar ya kawo kayansa gidanmu, don bayan ɗakin Inna ne kaɗai iska ba ta kaɗa mizani. Ya shimfiɗa fata ya jera komai, ya ce, "Gwaggo, a san mini gero kaɗan in yi awo."

Inna tana zaune da 'yar akuya a cinya. Ta tura masa ƙwarya da ƙafa tana mita, ba da shi take ba ma, da duniya take. "Ɗiba, in wannan sunansa gero. In na shiƙa, rabi ya bi ƙaiƙayi. Wata ƙwayar da ɗan abu a ciki, wata riga ce kawai ba mutum. Geron babanmu, tsuntsu ya ɗauki ƙwaya ɗaya sai ya huta a hanya."

Ni dariya na yi, don na ji daga inda na gado halina. Abokina kuwa hannunsa ya tsaya cak cikin ƙwaryar. Ya ɗauko 'yan ƙwayoyi ya baza a tafi, ya daɗe yana juya su da farce. Sannan ya ce, a hankali, "Baba da wane gero yake awo?"

Inna ta ce, "Da wane kuwa? Da na gidanmu mana. Irin babanmu."

Ya ce, "To adadin yana nan, nauyin ne ya tafi. Albarushin da nake zubawa bai kai ba, kuma kowane kwanso da nasa, tunda ƙwayoyin ba su yi daidai da juna ba." Ya ɗago ya dube ta. "Gwaggo, ko akwai mai tsohon gero a garin nan? Na kafin fari. Cikin cokali ya ishe ni, kuma aro ne."

Inna ta kau da kai ta ce, "Wa ya ga tsohon gero bana? Babu."

Ya naɗe fatarsa ya tafi bai cika komai ba.

Washegari da hantsi Inna ta kwance igiyar don ta zaga bayan ɗaki, ta ce in sa ido. Na sa ido, Allah shaida, ido biyu. Sai dai dila ya fi idona sauri. Ban san ta inda ya ɓullo ba, sai kukan 'yar akuya na ji. Na wurga masa taɓarya, uwar akuya ta kai masa karo, ya saki ya arce. Ya tsaga wa 'yar akuyar kunne, jini yana ɗiga a wuyanta. Inna ta fito da gudu ta sure ta, ta danna toka a ciwon. Ba ta zage ni ba, abin da ya fi tsorata ni kenan. Ta goge jinin da bakin zane. Can ta ce, "Je ka kira mini ɗan wana. Ka ce ya zo da abin awonsa. Kuma ka tafi da bakinka a rufe."

Da muka zo ta shigar da mu ɗaki ta saki labule. Ta janye gadonta na kara, ta tona ƙasa da ƙaramar fartanya, ta ciro wata gora da aka liƙe bakinta da laka. Ta fasa lakar, ta zazzago kaɗan a faifai. Gero ne cakuɗe da toka, ƙwaya ɓul-ɓul, mai sheƙi. Na manta rabon da in ga irinsa. Yawuna ya tsinke.

Na ce, "Inna! Muna ta fama da anza har harshe ya mutu, ashe wannan yana ƙarƙashinki kina kwana a kai?"

Ta ce, "Da ka sani, da ya zama fura tun kafin sallar azahar. Iri ne. In muka ci shi, me za mu sa a ƙasa in ruwa ya zo?" Ta nuna ni da yatsa. "Kai nake ji. In maganar nan ta fita, gobe mata za su cika ƙofar nan da 'ya'ya a hannu, ni kuma ba zan iya cewa babu ba ido cikin ido. A wuni ɗaya zai ƙare, mu duka mu rasa. Ka ji ni?"

Na ce na ji. A rayuwata ba a taɓa ɗora mini kaya mai nauyin wannan ba. Labari mafi daɗi a ƙasar Damargu yana cikina, an ce in haɗiye.

Abokina ya ƙirga adadinsa daga tsohon gero, yana goge kowace ƙwaya da gefen riga, ya zuba a faranti ɗaya. Ya ƙirga daidai wannan adadi daga geron bana ya zuba a ɗayan. Ya ɗaga mizani. Farantin tsohon gero ya yi ƙasa, na bana ya yi sama yana lilo. Mu uku muka zuba wa abin ido. Mun san shekarar ta cuce mu, amma ban taɓa ganin cutar tsaye a gabana haka ba.

Ya zubar da na bana, ya barbaɗa albarushi har faranti biyu suka daidaita, ya cika kwanso biyu, na ƙarshe. Inna ta karɓi geronta tana ƙirgawa a tafi. Ta ce, "Saura ɗaya." Ashe tana ƙirgawa tare da shi: shi ya san adadi, ita ma yanzu ta sani, ni kaɗai aka bari. Aka sa ni rarrafe a ɗaki da bakin ƙofa ina tace ƙasa da yatsu har la'asar ta yi, ban gan ta ba. Inna ta ce in buɗe baki. Na buɗe. Ta duba har ƙarƙashin harshe.

Da yamma ya gwada harsashi ɗaya a kan tsohuwar ƙwarya da na kafa a mazaunin dila. Ƙarar ma daban ce, ta fito da kaifi. Ƙwarya ta tashi sama ta dawo biyu. Ya sa ɗayan a aljihu ya ce, "Sai da safe, Gwaggo." Wannan karon bai yi alkawarin komai ba.

Da gari ya waye dila ya zo, amma ya kwanta bayan tudu, kunnuwansa kawai ake gani. Muka yi ta jira, rana tana hawa, ga tsoron kada ƙasa ta yi zafi iska ta fara rawa a ido, saiti ya lalace. Sai Inna ta matso bayanmu da 'yar akuya a hannu, ta ɗan murɗe mata lafiyayyen kunnen. Ta yi kuka. Dila ya miƙe tsaye, ya miƙo wuya. Na ji abokina ya saki rabin numfashi ya riƙe sauran. Bindiga ta tashi. Wannan karon ban ga rairayi ya yi tsalle ba. Dila ya zauna kamar zai yi susa, ya kife.

Na riga kowa isa tudun, ina shirya yadda zan ce girmansa ya kai maraƙi. Da na isa sai na fasa labarin. Mace ce, haƙarƙarinta a waje ana iya ƙirgawa. Na ɗaga ta da hannu ɗaya, ba nauyi, kamar geron bana. Abokina ya zo ya tsaya a kaina. Ya ce, "Ita ma shekarar ta same ta." Muka tona rairayi muka rufe ta. Da muka dawo Inna ta riga ta kwance igiyar daga ƙafarta, shatin ya fito baƙi a idon sawu.

Na riƙe bakina har ruwan shuka ya sauka, kuma ina so a rubuta mini wannan a cikin ayyukan alheri. Ranar Inna ta fito da gorar da kanta, ta ɗebi na gonarmu, sauran ta bi maƙwabta tafi-tafi. Ƙawarta ta dawo ta ɗauki jar akuyarta, ta ga 'yar mai tsagaggen kunne tana tsalle a kan turmi, ta ce, "Wannan za ta cika miki gida." Ta kuwa cika. Bayan ruwa na biyu, sai ga gero tilo ya tsiro a bakin ƙofar ɗakin Inna. Ta kira ni ta nuna mini, ta ce, "Ga wanda na ce ka ci. Na yafe maka." Ta kewaye shi da ƙaya, har ya yi zangarniya.

Bindigar ba ta sake tashi ba, tana rataye a ɗakin abokina har yau. In muka haɗu a Tanut ina ba mutane labarin, tudun nan yakan matsa, wani lokaci har ya kusa kai garin Falanko, shi kuma ya bar ni in gama sannan ya ce, "Daga masallaci zuwa tsohuwar rijiya." Amma in na koma ni kaɗai, ba harbin nake tunawa ba, mizanin nake gani yana lilo. Mun zargi idon mutum, mun zargi bindiga, mun zargi aljanu, har ni an zarge ni da rage magana. Ba wanda ya tuna cewa abin da muke awo da shi a gona ɗaya ya tashi da mu, yunwar da ta ramar da mu shi ma ta ramar da shi. Ƙirgen bai taɓa kuskure ba, shi ya sa aka daɗe ba a gane ba. Yanzu da furfura ta fara yi mini sallama, in na ji wani yana cewa hannunsa ya mutu, ko yaran zamani ba su kai ba, nakan so in tambaye shi da geron wace shekara yake awo.

Inna ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Har yanzu in na shiga kasuwa ba na wuce buhun gero ban ɗebi 'yan ƙwayoyi na jinjina a tafi ba. Masu hatsi suna zaton ciniki zan yi, su fara yabon kaya. Ni kuwa in na gama ji sai in mayar musu da abinsu, duka, in kuma duba tsakanin yatsuna ko ɗaya ta maƙale.